Aksul Ɗin da Na Baro a Bakin Iyaka

Don Allah jama'a ku bar ni in huta. Tun da na dawo daga Damagaram ba ni da sakat. In fito daga masallaci, "Janar, yaya Nijar?" In je sayen ƙosai, "Janar, ina kayan?" Jiya har mai shayin bakin layinmu sai da ya riƙe kofina ya ce ba zai zuba ba sai na ba shi labari. To ga shi zan rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, wanda ba ya karatu a karanta masa. Bayana har yanzu ciwo yake, tafin hannuna duk ya faffashe, kuma wallahi bakina ya gaji da maimaita abu ɗaya.

Ga waɗanda ba 'yan unguwarmu Dogo Nini ba, bari in fara daga motar. Jif ce ta soja, tsohuwa tukuf, irin ƙananan nan marasa ƙofa da gilashin gabansu ke kwantawa a kan bonet. A Gadaka na same ta, a bayan gidan wani dattijo, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Ya ce babansa ne ya saye ta a gwanjon soja tun shi yana ƙarami. Ba wanda ya koya min harkar nan, a waya na koya, ina kallon tsofaffin Turawa suna lallaɓa irin motocin nan kamar jarirai. Ranar da na goge ɗan farantin da ke gefen sitiyari na ga rubutun Faransanci ya fito, ko abinci ban iya ci ba. Injin yana nan, giya tana nan, har maƙalin shebur da gatari a gefenta yana nan. Abu ɗaya ne babu, aksul ɗin gaba, wato dogon ƙarfen nan da tayoyin gaba ke ɗaure a jikinsa. An cire shi tun tuni an yi amalanken shanu, amalanken ma an sayar. A bayan tifa aka kawo min ita, muka ɗora gabanta a kan bulo a ƙofar gidanmu. Daga ranar aka laƙaba min Janar.

Baba ya yi haƙuri, ba zan ci amanarsa ba. Sai da aka sa ranar auren Yaya Musa, kuma filin da jif take a nan za a gina masa ɗaki. Baba ya kira ni ya ce, "Adamu, birkila zai zo da zarar ya gama aikin da ke hannunsa. In ya zo ya tarar da ƙarfen nan, 'yan gwangwan zan kira su yanka su auna." Wanda ya san Baba ya san ba ya maimaita magana.

Na ruga wurin Oga Sande, mai garejin da nake koyon aiki. Mutumin Filato ne, amma Hausarsa ta fi tawa. Na roƙe shi ya ba ni ɗan lungu.

Ya ce, "Garejina ba maƙabarta ba ce. Abin da ke gungurawa, kawo. Wanda ba ya gungurawa, kar in gani. Ga aksul ɗin tsohuwar a-kori-kura can a yashe, mu ɗan yanka shasin motarka mu yi walda, an gama."

Na ce, "Oga, yanka? Motar da ta tsira daga yaƙi ni zan sa mata wuta?"

Ya ce, "Wane yaƙi? Yaƙin kaji?"

Ana cikin haka wani Malam Isufu, mai ƙera amalanke a Damagaram, da muke zaure ɗaya da shi a waya na masu tsofaffin ƙarafa, ya turo min hoto. Shi ne. Aksul ɗin irin jif ɗina sak. Ya ce in ina so in hanzarta, don akwai Bafillacen da ke jiran amalanke, in aka ɗora wa aksul ɗin walda kuwa shi ke nan ya tashi daga aiki. Inna da ta ji zan tafi ƙasar waje neman ƙarfe sai ta koma faɗa da yaren Karekare, wanda in ta yi haka an san abin ya kai mata ko'ina. Duk da haka ta ƙulla min ƙuli-ƙuli da garin kwaki.

Hanya ba abin da zan ce sai gajiya. Daga Potiskum zuwa Azare mu biyu aka cusa a kujerar gaba, duk sanda direba zai sa giya sai ya daki gwiwata ya ce "afuwan," har ya gaji ya daina cewa. Daga Azare zuwa Haɗeja taya ta fashe, safayar da aka fito da ita ta fi wadda ta fashe tsufa, kuma da suka ji ni bakanike ne sai kowa ya koma inuwa aka bar ni da jak. A motar da ta ɗauke mu zuwa iyaka na zauna kusa da wata Hajiya Ladi, 'yar kasuwa, tana kai robobi ta dawo da dabino da cuku. Ta tambaye ni abin da zai kai ni.

Na ce, "Wani ƙarfe zan ɗauko, Hajiya."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. "Daga ina ka ce kake?"

"Potiskum."

"Garin tireloli? Duk ƙarfen da ke garinku bai ishe ka ba? Ɗan nan, ko dai yarinya ce ka ɓoye?"

Na fito da waya na fara nuna mata hotuna, ina mata bayanin yadda Faransawa suka riƙa ƙera irin ta Amurkawa, da inda ake gane bambancin. Ban kai rabi ba na ji tana minshari.

Shiga ba wuya. Aka duba katina, jandarma ya tambayi sana'ata, na ce kanikanci, ya ɗaga hannu. Daga nan kuma wata mota, wani zaman, wata ƙishirwa, har Damagaram.

Malam Isufu dogo ne siriri, ba ya gaggawar komai a duniya. Na iso ina rawar jiki in ga kaya, ya ce sai an sha shayi. Shayinsu ba irin namu ba ne na babban kofi da madara da burodi, ka kurɓe ka tashi. Ɗan mitsitsin kofi ne kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci, kuma hawa uku ne, in ka sha na farko ka miƙe ka yi rashin kunya. Burodinsu dogo kamar sanda, ɓawon ya yanke min dasashi. Abin da ya fi ba ni mamaki, rana na take tsaka sai gari ya mutu. A rufe shago, a rufe gareji, kowa ya kwanta sai la'asar ta kusa. Na ce a Potiskum wanda ya rufe shago da azahar ai sai a je gidansa gaisuwa. Hausa kuwa ɗaya muke yi har sai an zo kan sunan ƙarfe. Nan kowa ya kama gabansa, ni da na Ingilishi su da na Faransanci, sai dai nuni da yatsa.

Masauki kuma, a nan ne na san Allah yana sona. A bayan filinsa akwai wata tsohuwar babbar motar soja da ta zauna a kan cikinta, ba taya ko ɗaya, da bencinan katako a baya inda sojoji ke zama. Ya ce ga zaure, na ce a'a, ni a nan zan kwana. Ya ce, "Kai ka sani." Ashe sauron unguwar gaba ɗaya a nan barikinsu yake. Na tashi da fuska kamar an yi min ƙyanda, amma ban sauya wuri ba.

Aksul ɗin yana jingine a bango cikin wasu tsofaffin ƙarafa. Na durƙusa na juya kan da taya ke zama, ya juya lafiya lau, ba ko ƙara. Na auna da igiyar da na auna jif da ita a gida, daidai. Muka daidaita. Sai na ga Malam Isufu ya ɗebo baƙin mai a gwangwani yana shafa masa, yana watsa ƙasa a kai, har ya koma kamar abin da aka tono daga kwata.

Na ce, "Malam, me kake yi haka?"

Ya ce, "Takarda nake masa. Ƙarfe in zai tsallaka iyaka, dattinsa ne takardarsa. Kowa ya gani ya san bola ce, ba mai ɓata hannunsa. Haka muke yi tun kakanni."

Motar da ke ɗaukar kaya masu nauyi zuwa iyaka sai ranar kasuwa take tashi, don haka dole na jira. Shi kuma aka yi masa rasuwa a ƙauye ya tafi gaisuwa, ya bar ni da fili da aksul da garin da ke barci da rana.

Wallahi niyyata lamba kawai zan duba. Irin waɗannan ƙarafan ana buga musu lamba a jiki, da ita ake sanin zubin da suka fito. Na ce bari in goge wuri kamar tafin hannu da kananzir. Lamba ta fito raɗau. A gefenta kuma sai ga wani ɗan kore-kore, fentinsa na asali, wanda wani soja ya shafa tun ba a haifi Baba ba. Ku da ba ku cikin harkar nan ba za ku gane ba. Na ƙara tafin hannu ɗaya. Na sayo sanfefa. Kafin in ankara na wanke shi tas daga wannan kai zuwa wancan. To ƙarfe in ka kankare shi ka bar shi tsirara tsatsa zai yi, wannan kowa ya sani. Na ɓanɓaro ɗan ɓawon tsohon fentin na kai wa mai haɗa fenti a kasuwa, muka yi ta gwadawa har muka samo koren daidai. Na shafa hannu biyu. Lambar kuma na bi ta da farin fenti da tsinken ashana don ta fito.

Ni ɗan Potiskum ne, na san abin da wannan koren ke nufi a hanyoyinmu. Mu da ko wando mai kama da na soja ba ma sawa. Amma na ce a raina ai aksul ne, wa zai ji tsoron aksul?

Malam Isufu ya dawo ya tsaya a kansa yana kallo. Can ya ce, "Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Na ce, "Bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau. Kyan ne matsalar. Miƙo min gwangwanin can."

Na shiga tsakaninsa da aksul. Na ce ya yi wa Allah ya bari, fentin ko gama bushewa bai yi ba. Ya ce, "Ɗan Najeriya, kai da kayanka." Iyakar abin da na yarda shi ne a naɗe shi da buhu, shi ma don kar ya kuje a hanya. Muka naɗe, muka ɗaure da igiya, mutum huɗu suka ɗora shi a saman mota. Sai da na ja baya na dube shi a can sama, dogo, a naɗe, da kumburi a tsakiya kamar wani makami, na ji wani abu ya ɗan tsarga min. Na ce shaiɗan ne.

A motar sai ga Hajiya Ladi da buhunan dabinonta. Ta ce, "A'a, mai ƙarfe! An samo amaryar?" Na nuna mata sama. Ta leƙa ta taga ta ce, "Allah ya sa mu ga alheri."

Ɓangaren su muka wuce lafiya. A namu ɓangaren, tun daga nesa na ga wani jami'i ya miƙe tsaye yana nuna saman motarmu. Aka ce kowa ya sauka ya matsa can. Muka tsaya cikin rana, mata da yara da tsofaffi. Aka sauko da shi a hankali kamar ƙwai, aka yanke igiya, aka buɗe buhu. Ga shi nan kore shar yana ƙyalli, farar lamba a jiki. Ban taɓa ganin abu mai kyau a wurin da bai dace ba kamar ranar.

Babbansu ya fito, wani mai furfura a gemu, da gani shi ma ya gaji da duniya. Ya zagaya shi, ya sa ƙafa ya juya kan tayar. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, "Na waye?"

Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Wannan ai aksul ne. Na amalanke ne ko?"

Direba ya yi caraf ya ce, "Na amalanke ne, yallaɓai." Hajiya Ladi ta matso ta mintsine ni a hannu, har yanzu wurin da shaida. Abin da ya rage kawai in ce e, a mayar da buhu, mu tafi. Mutumin nan ƙofa ya buɗe min da hannunsa.

Na ji bakina yana cewa, "A'a ranka ya daɗe, ba na amalanke ba ne. Na motar yaƙi ne, asali. Dubi lambar."

Hajiya ta ce, "Innalillahi."

Ya dube ni, ya dubi ƙananan jami'an da ke tsaye a bayansa, ya dubi fasinjoji. Ya ce, "Yaro, wa ya tambaye ka?" Ya shafa fuska. "Da ka yi shiru da yanzu kun yi nisa. Yanzu ka faɗa a gaban kowa kayan soja ne, ni kuma ba ni da ikon sakin kayan soja sai an rubuto daga sama."

Aka sauke jakata. Direba ko kallona bai yi ba. Hajiya Ladi ta cika min hannu da dabino ta taga ta ce, "Ungo, ka riƙa sawa a baki. In bakin na da aiki wataƙila ya huta da magana."

Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni, gaskiya ɗaya ce. Mai furfurar nan har zama ya yi ya kalli hotunan jif ɗin duka, shi kaɗai ne a tafiyar nan ya saurari bayanina har ƙarshe. Ya ce kakansa ma ya yi soja. Amma ya ce aksul yana nan. Aka shigar da shi wani ɗaki tsakanin buhunan shinkafa da jarkoki. Na kwana a rumfar wani mai shayi, gari ya waye na koma, aka ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Washegari aka ce ya dawo amma sai an aika gaba. Ƙuli-ƙulin Inna ya ƙare, na koma kan dabino. Ina zaune a bencin mai shayin Yaya Musa ya kira.

"Kana ina? Birkila ya sauke yashi. Baba ya yi magana da mai gwangwan, jibi da safe zai zo."

Na leƙa ta tagar ɗakin na ƙara ganinsa sau ɗaya, na ɗauki jaka.

Dawowar ba na ma son tunawa. Na iso Potiskum da rana, ƙafafuna a kumbure. Baba na zaune a ƙofar gida, ga tulin yashi a gefen jif. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi hannuna, ya dubi bayana.

"Ina abin?"

"Yana iyaka, Baba."

"To." Abin da ya ce ke nan.

Na wuce gareji ko wanka ban yi ba. Oga Sande ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Aksul ɗin a-kori-kura yana nan. In muka fara yanzu, kafin magariba ta gungura."

Na tsaya ina kallon tukunyar gas ɗinsa ta yanka ƙarfe. Na ce, "Oga, ara min sifanu."

"Me za ka yi?"

"Kwance ta zan yi. Noti-noti. Abin da aka kwance ana ɗaurawa, abin da aka yanka ya tafi."

Ya ce, "Kai ba ka da lafiya." Ya tura min akwatin da ƙafa. Har na kai bakin ƙofa ya ce, "Injin ka kawo nan, akwai wuri a ƙarƙashin benci. Inji kawai na ce!"

Ranar da washegarinta ban san na zauna ba. Notin da ya shekara aru-aru bai motsa ba, sai ka jiƙa shi da mai, ka daka, ka roƙe shi. Yaya Musa da kansa ya tuɓe riga ya kama min, ban sani ba ko tausayi ne ko ɗokin ɗaki. Kowane noti na sa shi a leda da sunan inda ya fito. Da mai gwangwan ya iso da sikelinsa da tukunyar gas a bayan kura, bulo ya tarar da tabon baƙin mai a ƙasa. Ya ce, "Alhaji, ina motar?" Baba ya dubi filin, ya dube ni ina tsaye da ƙyar, ya ce masa, "Ka yi haƙuri, an riga ka." Ya juya ya ce wa birkila bismilla.

To yanzu ga inda ake. Inji na garejin Oga Sande. Giya na ƙarƙashin gadona, in na juya sai na ji warinta. Gilashi na bayan sif ɗin Inna, shasi na jingine a bayan ɗakinta har ta fara shanya a kai. Bodin yana gidan kawuna a Nangere, na ji an ce awaki sun gano shi. Aksul na iyaka, mai furfura ya ce in riƙa kira. Mota tana nan, ba abin da aka yanka, sai dai ba wanda zai iya nuna ta da yatsa ɗaya.

Saura tayoyi biyu da tankin mai da kujerar direba, suna zauren gidanmu, kuma Baba ya fara kallonsu. Duk wanda ya karanta har nan, ya ji labarin da yake nema. In akwai wuri a ƙarƙashin gadonka, ka zo da baro kafin Juma'a.